Daga wace ƙwaya ƙarin ƙashi da na tsoka ke tasowa?

Hauwa'u Rikkos:

Assalamu alaikum malamaina. Ina aji huɗu a karatun likita a nan Jos, mun shiga darasin ƙari, wato tsiron da ƙwayoyin jiki ke yi, har da kansa, kuma akwai wurin da ya ƙi zauna mini. Kansar nono da ta hanji da ta huhu na gane cewa daga ƙwayoyin da suka yi wa gaɓoɓi shimfiɗa take tashi. To ta ƙashi da tsoka da kitse fa? Ƙwayar ƙashi ce da ta riga ta ƙosa take rikiɗewa, ko kuwa wata ƙwaya ce dabam da ke ɓoye a wurin? In har ƙwayar tsoka ce ke haifar da kansar tsoka, ta yaya ake samun rabdomayosarkoma, kansar irin tsokar da ke motsa gaɓoɓi, a mafitsarar yaro ɗan shekara uku, alhali babu irin wannan tsokar a can? Me ya sa kuma ostiyosarkoma, wata kansar ƙashi, ta fi kama gwiwar matasa? Sannan sanin asalin nan yana sauya wani abu a magani, ko na cin jarrabawa ne kawai? Ina roƙon a yi mini da Hausa, yadda zan iya mayar wa iyayen majinyaci su fahimta. Allah Ya ƙara wa malamai lafiya.

Dakta Ladi, sashen gwajin nama:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Tambayar mafitsarar nan ita ce za ta buɗe miki sauran, amma sai mun faro daga ɗan tayi.

A mako na uku bayan ciki ya shiga, ɗan tayi yana rabuwa gida uku. Shimfiɗar waje ita ke ba da saman fata da ƙwaƙwalwa da laka. Ta ciki ta ba da rufin cikin hanji da huhu da hanta. Ta tsakiya kuwa, mesodam, daga gare ta mafi yawan ƙashi da guringuntsi da tsoka da kitse da jijiyoyin jini suke fitowa. Waɗannan su ake haɗawa a ce dangin mesenkaima, kuma kansar da ta tashi daga cikinsu ita ce sarkoma. Kada dai ki faɗa a jarrabawa cewa duk abin da mesodam ta haifa sarkoma yake yi. Ƙoda daga can take, amma kansarta kasinoma ce, irin ta nono da hanji, domin ƙwayoyin shimfiɗa ne suka lalace. Sarkoma ba ta da yawa: wajen kashi 1 cikin 100 na kansar manya, amma a yara ta kai wajen kashi 15. Iri-irinta sun haura 70.

Yanzu ga ƙwayar da ta ƙosa. Ƙwayar ƙashi da ta gama girma tana binne a ɗan raminta cikin ƙashi, ba ta ƙara rabuwa. Zaren tsokar cinya ƙwayoyi ne da yawa suka narke suka zama ɗaya, shi ma ya daina rabuwa. Ƙwayar kitse da ta cika da mai haka take. Kansa kuwa ba ta samuwa sai inda ake rabuwa, domin a lokacin kwafar saƙon gado (DNA) ne kuskure yake shiga, kuma ta rabuwa ne yake wucewa ga 'ya'yan ƙwayar. Don haka wadda ake zargi ita ce ƙwayar da ba ta gama zaɓar aiki ba. Alexander Friedenstein ya gano irin waɗannan a cikin ɓargo a Mosko, tsakanin shekarun 1960 da 1970, Arnold Caplan kuma ya raɗa musu sunan ƙwayoyin tushe na mesenkaima a 1991. Ana samun su a ɓargo, da tantanin da ya lulluɓe ƙashi, da gefen ƙananan jijiyoyin jini kusan ko'ina a jiki. Kamar yaro ne da aka kai kasuwa bai riga ya kama sana'a ba: ƙwayoyin gado ne ke zaɓar masa: in RUNX2 ta kunna a cikinsa, Osterix ta biyo baya, sai ya nufi ƙashi, in SOX9 ce, guringuntsi, in MyoD ce, tsoka.

Ga amsar mafitsara ke nan. Ba tsokar da ke wurin ba ce ta rikiɗe. Ɗanyar ƙwaya ce ta lalace, lalacewar ta kunna mata tsarin yin tsoka, sai ta kama hanya ta tsaya a tsakiya: tana fitar da desmin da mayojenin, sinadaran da ake gane ƙwayar tsoka da su, amma ba ta taɓa zama tsokar da za ta motsa komai ba. Shi ya sa ake ganin ta a mafitsara, da farjin jarirai mata, da bayan ido, da bututun ɗaci. Sunan da muke rubutawa a sakamako yana nuna abin da ƙarin yake ƙoƙarin zama, ba lallai inda ya fito ba. Littafin rabe-raben Hukumar Lafiya ta Duniya, bugu na biyar na 2020, a kan wannan ƙa'ida ya tafi, har ya ware babi guda na ƙarin da ba a tantance me yake ƙoƙarin zama ba.

Sarkomar sinobiyal, wadda ta ci sunan tantanin cikin gaɓa, tana cikin wannan babin. Ana yawan ganin ta kusa da gaɓa a matasa, amma da wuya a same ta cikin gaɓar kanta, kuma takan fito a wuya, a huhu, a ƙoda. Ba ruwanta da tantanin gaɓa. Abin da ya haɗa ta duk inda ta fito shi ne musayar yanki tsakanin kiromosom, wato ƙunshin saƙon gado, X da 18, wadda ke manna ƙwayoyin gado SS18 da SSX.

Ta fuskar gado, raba su biyu zai taimake ki. Wajen kashi ɗaya cikin uku kuskure guda ne tak yake tuƙa su, galibi irin wannan manne ƙwayoyin gado biyu, sauran kiromosom kuma lafiya lau. Sarkomar Ewing, wadda James Ewing ya siffanta a 1921, tana nan: kiromosom 11 da 22, EWSR1 da FLI1, a wajen kashi 85 cikin 100, an tabbatar da mannewar a 1992. Haka rabdomayosarkoma nau'in albiyola mai PAX3 da FOXO1. Sauran kuwa kiromosom ɗinsu a wargaje suke, wasu sun ninku, wasu sun ɓata. Ostiyosarkoma ce jagorarsu, kuma kusan kullum za ki tarar an taɓa TP53, sau da yawa har da RB1, su biyun da aikinsu shi ne tsayar da ƙwaya idan saƙonta ya samu matsala. A 2008 an nuna a ɓeraye cewa idan aka kashe waɗannan biyun a ƙwayoyin da suka fara nufar ƙashi, ostiyosarkoma ke fitowa.

Abin da nake so ki riƙe shi ne kuskuren kaɗai bai isa ba, sai ya faɗa a ƙwayar da za ta iya ɗaukar sa. EWSR1-FLI1 idan aka cusa ta a yawancin ƙwayoyi lafiyayyu, mutuwa suke ko su daina rabuwa. Ƙwayoyin tushe na mesenkaima suna jure ta, haka na tudun jijiya na ɗan tayi, waɗanda daga shimfiɗar waje suke, kuma har yau masana sun rabu a kan wacce ce ainihin uwar Ewing tsakanin biyun.

Akwai 'yan kaɗan da asalinsu ya fi fitowa fili. GIST, sarkomar bangon tumbi da hanji, daga dangin ƙwayoyin Cajal take, masu saita motsin hanji, kuma an gano matsalar ƙwayar gado KIT a cikinta a 1998. Kodoma, wata kansar ƙashi, daga ragowar igiyar bayan ɗan tayi take, shi ya sa take zama a gindin ƙoƙon kai da ƙashin tsuliya. Kaposi, wadda muke gani da yawa a masu cuta mai karya garkuwar jiki, ƙwayoyin rufin jijiya ne da ƙwayar cutar HHV-8 ta shiga. An gano ƙwayar cutar a 1994.

Dakta Bala, likitan ƙashi:

Dakta Ladi ta gama da tushe, Allah Ya saka. Bari in ɗauki batun gwiwa, 'yata.

Doguwar ƙashi ba ta tsawo daga tsakiya. Kusa da kowane baki akwai layin guringuntsi, shi ke tura sabon ƙashi har ya rufe bayan balaga. Layukan ba ƙarfinsu ɗaya ba. Na ƙasan ƙashin cinya shi ne gaba: wajen kashi 70 cikin 100 na tsawon ƙashin cinya daga nan yake, kusan santimita 1 a shekara. Na saman ƙwauri yana bin sa da wajen milimita 6. A hannu kuwa na saman dantse ne, mai ba da wajen kashi 80. Ki dubi inda ostiyosarkoma take zama: ƙasan cinya, saman ƙwauri, saman dantse, a jere haka. Rabi ko fiye a kewayen gwiwa suke. Ki dubi shekaru kuma: 10 zuwa 20, kuma tana ɗan riga zuwa a 'yan mata domin sun riga maza harbawa. Inda ƙwayoyin ƙashi suka fi rabuwa, a lokacin da suka fi rabuwa. Sai ta sake ɗagowa a tsofaffi, a ƙashin da cutar Paget, mai sa ƙashi kauri da lanƙwashewa, ta taɓa ko wanda aka taɓa yi wa gashi da na'ura shekaru da suka wuce.

Da shekarun majinyaci da wurin da ƙarin ya zauna a ƙashi, kin yi rabin aiki tun kafin sakamako. Ewing ta fi son tsakiyar doguwar ƙashi da ƙugu da haƙarƙari, a yara da matasa. Ta yi ƙaranci sosai a baƙar fata idan aka kwatanta da Turawa, amma ƙaranci ba rashi ba ne. Ƙari mai manyan ƙwayoyi yana jira sai layin girma ya rufe, shekara 20 zuwa 40, sannan ya ci bakin ƙashi har ƙarƙashin guringuntsin gaɓa. Kondirosarkoma, kansar guringuntsi, ta masu shekara 40 zuwa sama ce, a ƙugu da saman cinya da kafaɗa. Kuma duk wanda ya haura 40 aka ga rami a ƙashinsa, kafin ki ce sarkoma ki nemi kansar da ta yi ƙaura daga nono, furostet, huhu, ƙoda ko tayirod, ki nemi mayeloma, kansar ɓargo. Su ne suka fi yawa nesa ba kusa ba.

A hoton eksire, tantanin da ya lulluɓe ƙashi ne yake ba ki labarin saurin ƙarin. In a hankali yake girma, ƙashi yana samun lokacin yi masa iyaka mai kauri. In da gudu yake, sai ya ɗaga tantanin, a ga kusurwar Codman, ɗan sabon ƙashi mai kusurwa uku, a gefe, ko tsinkayen sabon ƙashi suna fita tsaye, ko ninki a kan ninki irin na Ewing.

Abu biyu ne suke cinye mana lokaci a nan Filato. Na farko faɗuwa. Kusan kowane yaro za a ce ya bugu a wurin ƙwallo ko ya faɗo daga babur. Buguwa ba ta haifar da ostiyosarkoma. Ita dai ke sa a lura da wurin, ko kuma ƙashin da ƙari ya riga ya ci ya karye da ɗan abin da bai isa ya karya lafiyayye ba. Daga nan sai wurin mai ɗori, a murza, a ɗaure da karare, wata uku ko huɗu su tafi. In kumburi ya ƙaru a ce mugunya ce, a yi tsaga ko sakiya, ƙarin ya fashe ta fata ya zama gyambo mai jini. Ƙafar da da za a iya ceto, sai yankewa. Masu ɗori suna da daraja a wurin jama'a, kuma ni ina ganin gara mu kai musu wannan saƙon da mu tsaya zaginsu: ciwon da ke tashin yaro daga barci, ko kumburin da ya wuce mako uku zuwa huɗu yana ƙaruwa, a yi hoto kafin a taɓa.

Na biyu namu ne, mu ma'aikata. Ewing tana zuwa da zazzaɓi da zafin wuri da hauhawar ESR, gwajin jini mai nuna kumburi, sak ciwon ƙashi mai mugunya. Ga sikila, ga tarin fuka na ƙashi, duka suna da yawa a wurinmu, sai a yi ta ba da maganin ƙwayoyin cuta. In an buɗe ƙashi don mugunya, a aika nama gwaji. In an buɗe don ƙari, a aika nama ɗakin gwaji don shuka, a ga ko ƙwayoyin cuta za su tsiro. Kowane lokaci biyun tare.

A nama mai laushi, marasa cutarwa sun ninka masu cutarwa wajen sau 100, don haka ba kowane ƙullutu ne abin tsoro ba. Wanda za a tura gaba shi ne wanda ya kai santimita 5, wato girman ƙwan kaza, ko yake ƙarƙashin tantanin tsoka ba ya motsi in an ɗaure tsokar, ko yake ƙaruwa, ko ya dawo bayan an cire. Rashin zafi ba hujja ba ne. Yawancin sarkomar cinya ba sa ciwo da farko.

Kuma a yi MRI kafin allura ko wuƙa, na ƙashin gaba ɗaya daga gaɓa zuwa gaɓa, tare da CT na ƙirji, domin sarkoma ta jini take bi zuwa huhu, ba ta cika bin kaluluwa ba. Bayofsi, wato ɗibar nama don gwaji, a yi shi da allura mai ciro nama, lamba 14, yanka uku zuwa biyar. In dole sai an tsaga, a tsaga a tsaye bisa tsawon ƙafa, ta cikin tsoka guda, nesa da manyan jijiyoyi, a tsayar da jini sosai. Dalili shi ne duk hanyar da allura ta bi da duk inda jini ya malala an ɗauka ƙarin ya taɓa, kuma za a yanke su tare da shi ranar babban aiki. Tsagar da aka yi a gicciye a ƙaramin asibiti ta isa ta sa a rasa ƙafa. Wanda ba zai yi babban aikin ba, ya tura majinyaci Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, ƙarin yana nan yadda yake.

Hauwa'u Rikkos:

Na gode ƙwarai malamaina, wurin ya fara wayewa. Saura biyu. In ɗanyar ƙwaya ce tushe, to lifoma, ƙullutun kitsen nan da mutane ke yawo da shi shekara goma, zai iya juyewa ya zama lifosarkoma, wato kansar kitse? Sannan ƙari mai manyan ƙwayoyi da Dakta Bala ya ambata, manyan ƙwayoyin ne kansar?

Dakta Ladi, sashen gwajin nama:

A'a ga duka biyun.

A hanji mun saba da tsiro mara cutarwa ya yi shekaru sannan ya zama kansa, sai ɗalibai su ɗauka ko'ina haka ne. Yawancin sarkoma da muguntarsu suke farawa. Lifoma da lifosarkoma hanyarsu dabam tun daga tushe: mai kama da kitse a cikin lifosarkoma tana ɗauke da ninkin MDM2 da CDK4 a kiromosom 12, lifoma ba ta da shi. In aka ce lifoma ta juye, galibi tun farko lifosarkoma ce aka yi mata kallon lifoma. Shi ya sa kitsen da ke can cikin cinya ko bayan hanji, musamman in ya haura santimita 10, ba a yarda da shi da ido kawai. Haka faibiroid na mahaifa: ba shi ne ke girma ya zama leyomayosarkoma, kansar tsokar mahaifa, ba, ki kwantar wa mata da hankali a kan wannan.

Inda juyewa take faruwa da gaske wurare kaɗan ne. Ostiyokondiroma, tsiron ƙashi mai hular guringuntsi, wajen 1 cikin 100 yana zama kondirosarkoma, ya fi haka a masu gadon tsiro da yawa, wato matsalar EXT1 ko EXT2. Alama ita ce ya ci gaba da girma bayan mutum ya gama tsawo, ko hular ta haura santimita 2. Sai masu cutar NF1, ciwon gado mai fitar da ƙullutai a jijiyoyi, waɗanda wajen 1 cikin 10 ƙarin jijiyarsu yake zama mugu a tsawon rayuwa. Wannan kuwa daga ƙwayoyin Schwann yake, masu lulluɓe jijiya, ba ma daga mesodam ba.

Manyan ƙwayoyin kuma baƙi ne. Su ne ostiyokilas, masu cin ƙashi, daga dangin ƙwayoyin jini. Masu laifin su ne ƙananan ƙwayoyin da ke tsakaninsu, dangin masu gina ƙashi, waɗanda fiye da kashi 90 cikin 100 suke da canjin G34W a H3F3A. Su ke zubo sinadarin RANKL, shi kuma ya tara masu cin ƙashi su yi ta ɓarna. Kafin a sa hannu a wannan sakamakon a duba kalsiyam na jini da PTH, sinadarin da faratayirod ta wuya ke fitarwa, domin ramin ƙashi na yawan aikin faratayirod kamarsu ɗaya a madubi.

Wani abu kuma a kan ostiyosarkoma: sharaɗinta shi ne a ga mugayen ƙwayoyi da kansu suna fitar da ɗanyen ƙashi, ko da ɗan kaɗan ne. Wani lokaci mafi yawan ƙarin guringuntsi ne. In allura ta faɗa can kaɗai, za a iya rubuta kondirosarkoma ga yaro ɗan shekara 15, a hana shi kemo da yake buƙata. Guringuntsi mai mugun kama a gwiwar matashi, a ɗauke shi ostiyosarkoma har sai an tabbatar da akasin haka.

Dakta Maryam, likitar kansa, Abuja:

Sannunku da ƙoƙari. Hauwa'u, tambayarki ko na jarrabawa ne kawai: ki ɗauki ƙari uku a ƙashin cinya ɗaya, maganinsu uku ne.

Ostiyosarkoma tun ranar da aka gan ta ana ɗauka 'ya'yanta sun riga sun kai huhu, ko da CT bai nuna ba. Kafin zuwan kemo a shekarun 1970, yanke ƙafa kaɗai ake yi, kuma wajen 2 cikin 10 ne suke tsira. Yanzu wadda ba ta bazu a fili ba, 6 zuwa 7 cikin 10 suna wuce shekara biyar a inda aka cika magani. Tsarin shi ne mako 10 na kemo, aiki, sannan a ci gaba har a cika wajen mako 29. Dokzorubisin miligiram 75 a kan kowace murabba'in mita ta faɗin jiki, sisfilatin 120, metotireksat giram 12. Wannan na ƙarshe ba a ba da shi sai inda za a iya auna yawansa a jini, a ba da ruwa da yawa da bayikabonet da lukoborin a kan lokaci. In ba haka ba ƙoda ta tsaya, baki da hanji su saɓule. Inda babu wannan damar, biyun farko ake bayarwa. A duba zuciya da eko kafin dokzorubisin, kada jimillarsa ta wuce 450 zuwa 550, a duba ƙoda da ji saboda sisfilatin. Bayan aiki sashen su Dakta Ladi za su ƙirga abin da ya mutu a ƙarin: kashi 90 zuwa sama alama ce mai kyau. Gashin na'ura ba ya yi wa ostiyosarkoma aiki sosai.

Ewing tana jin kemo, tana jin gashi. Kondirosarkoma ta gama-gari ba ta jin ko ɗaya, domin ƙwayoyinta a hankali suke rabuwa cikin guringuntsin da jini bai cika ratsawa ba. Wuƙa ce maganinta, a cire ta da lafiyayyen nama kewaye ba tare da an fasa ba. Yi mata kemo ɓarnar kuɗi ne da wahalar da majinyaci.

Inda aka san ƙwaya da kuskurenta, magani yakan zama na kai tsaye. GIST ba ta jin kemo, amma imatinib miligiram 400 kullum yana toshe KIT, ana ba da shi shekara uku bayan aiki ga masu haɗarin dawowa. Denosumab miligiram 120 ƙarƙashin fata duk mako huɗu, da ƙarin allura a rana ta 8 da ta 15 na watan farko, yana kama RANKL, masu cin ƙashi su watse. Amma ki lura da abin da Dakta Ladi ta faɗa: baƙin yake kora, masu laifin suna nan, don haka in an tsayar ƙarin yakan dawo. A haɗa da kalsiyam da bitamin D, a duba haƙora tukuna, ba a ba mai ciki. Kaposi kuwa a fara da maganin da ke danne cuta mai karya garkuwa, da yawa suna ja da baya da shi kaɗai, a ƙara kemo in ta bazu ko ta shiga huhu.

Sarkomar nama mai laushi a ƙafa ko hannu, aiki da gashi ne: gire 50 (gire shi ne ma'aunin gashi) a zama 25 kafin aiki, ko 60 zuwa 66 bayansa. Daga Jos akan turo nan Babban Asibitin Ƙasa a Abuja ko Shika a Zariya, kuma a nemi layi tun ranar da aka tsara aiki, ba bayan an warware ɗinki ba.

Ga iyaye, abu uku suke son ji. Ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, a ci abinci tare. Ba abin da suka yi ko suka bari ne ya kawo ta ba. Mafi yawa ba gado ba ne. Sai dai in akwai wanda aka cire wa ido yana jariri saboda kansar ido, ko mata da suka yi kansar nono suna ƙasa da shekara 30 tare da yara masu kansa a dangi ɗaya, wato abin da Li da Fraumeni suka siffanta a 1969, to a duba 'yan uwa. Kuma maganar yanke ƙafa kada a jefa ta a ranar farko a tsaye a baranda. A zauna da uba da uwa da wanda ake jin maganarsa a gida, a nuna musu hoton, domin a wannan gaɓar ce iyalai da yawa suke ɗauke yaro su tafi.

Malam Dauda, ɗakin gwaji:

Ranku ya daɗe, a ba ni dama in ƙara abin da ya shafi kwalba, domin duk sunayen nan da aka lissafa ba za a gan su ba in naman ya lalace a hanya.

Fomalin, ruwan da ke hana nama ruɓewa, kashi 10 ake so: awo ɗaya na mai ƙarfin da ake sayarwa, wanda yake kashi 37 zuwa 40, da awo tara na ruwa, in da hali mai bofa, sinadarin da ke hana shi tsami. Yawansa ya ninka naman sau goma. A saka naman cikin awa ɗaya da cirewa. Ba ruwan gishiri ba, ba sifirit ba, kuma kada a sa a firiza, ƙanƙara tana farfasa ƙwayoyi. Kwalba mai faɗin baki, domin nama yana taurara, abin da ya shiga da matsi ba zai fito ba. Fomalin wajen milimita 1 yake ratsawa a awa, don haka ƙari mai santimita 15 in aka jefa shi ɗungurungum, waje zai kamu ciki ya ruɓe. A kawo shi nan take mu shafa wa gefuna tawada mu yanka santimita ɗaya-ɗaya. Likita ya sa zare gajere a sama, dogo a gefe, ya rubuta a takarda, don a san ta wane ɓangare ƙarin ya kusanci bakin yanka.

Ƙashi sai an cire masa kalsiyam kafin ya yanku. Asid mai ƙarfi irin naitirik yana gamawa da sauri, amma yana lalata saƙon gado, ya raunana rinin da ake gane nau'in ƙari da shi, irin su CD99 da mayojenin. EDTA, wani sinadari mai cire kalsiyam a hankali, yana ɗaukar kwanaki har makonni, amma yana barin komai. Mafita ita ce a ware sashen ƙarin mai laushi a kwalba dabam kada asid ya taɓa shi. Naman shuka ƙwayoyin cuta kuma a kwalba mai tsabta, ba fomalin ko ɗigo.

A cika takarda: shekaru, wane ƙashi, wane sashe nasa, zurfi, girma, tsawon lokaci, abin da hoto ya nuna, da ko an taɓa yin aiki ko gashi a wurin. A haɗo hoton kansa in zai yiwu. In za a tura majinyaci Abuja ko Kano, a ba shi bulon kakin da naman ke ciki da gilasan madubi tare da sakamako, a rubuta lambarsu, don can su ƙara rinin da suke buƙata ba sai an sake huda yaro ba.